Rabon Hassan a Bayan Randa

Tun kafin kwale-kwalen ya taɓa gaɓa Shu'ibu ya jiyo hayaniyar. Mutanen Zangon Marke sun yi cincirindo a ƙofar wani gidan zana, wani matashi har ya fara zare itacen danga. Bulama yana tsaye a bakin ƙofar ya ware hannuwa, hularsa ta karkace, yana roƙo a dakata baƙo ya iso.

"Gullisuwar Binta yaron ya ci," in ji wata tsohuwa da ta tari Shu'ibu tun bai gama zaro ƙafarsa daga taɓo ba. "Da hantsi ya ci, kafin a sauko daga Juma'a yana amai kore shar kamar gansakuka. In ba ita ba, wa?"

Wani daga baya ya ce ba ita ba ce, ɗan'uwansa ne ya zo ɗaukarsa. Nan take hayaniyar ta ragu, idanu suka koma kan ruwa.

Shu'ibu mai bin sawu ne. Ya haura sittin, a bayan shanu ya tashi can wajen Malam Madori, yanzu yana zaune a Haɗejia, ana kiransa in an sace saniya ko babur. Amma yau ba ɓarawo aka turo shi nema ba. Da sassafe Aziza, 'yar ƙanensa da ke aikin jinya a asibiti, ta kira shi. Jiya da yamma aka kawo musu wani yaro ɗan shekara huɗu, Usaini, daga wannan ƙauye da ambaliya ta mayar tsibiri. Sun ɗauka kwalara ce. Da gari ya waye tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi jawur kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa, fitsari kuma ya ɗauke.

"Baffa, wani abu ya ci," ta ce. "Kowace guba da yadda ake tunkararta. In likita bai san ko mene ne ba lalube muke yi, ƙodar yaro kuwa ba ta jira. Kakarsa da ta kawo shi ba ta san komai ba. Ka je ka nemo mana sunan abin."

Bulama ne ya ba shi sauran labarin, murya ƙasa-ƙasa. Usaini tagwaye ne. Bara war haka ubansu Abdulwahid ya ɗauko iyalinsa daga kasuwar Guri a kwale-kwalensa, iska ta taso, jirgin ya kife a cikin kachala, doguwar ciyawar ruwan nan. An tsamo kowa ban da Hassan, ko gawarsa ba a gani ba. Tun ranar uwarsu Hajo ba ta sake shiga jirgi ba. Ko jiya da za a tafi da Usaini an riƙo ta har bakin ruwa, tana ganin jirgin ta yanke jiki ta faɗi.

* * *

Binta mai gullisuwa tana zaune a tsakar gidanta da tire a cinya, tana jefa gullisuwar a baki ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, tun safe nake ci," ta ce, kumatu cike. "In guba ce su ɗan jira su ga gawata, su huta da fasa min danga. Haƙorina ma ya fara ciwo."

Ta lissafa masa abin da take haɗawa, madarar gari da sukari da mai, ba ƙari. Yaran ƙauyen kaf daga tiren nan suka ci, har da jikokin tsohuwar da ta fi kowa ɗaga murya a waje, kuma ga su can suna wasa a bakin ruwa. Shu'ibu ya ɗauki ɗaya ya farfasa, ya sansana, ya ajiye. Ya tambaya ko akwai wani abu game da cinikin Hajo da ya taɓa tsaya mata a rai.

Binta ta daina tauna. Ta ce duk Alhamis da yamma Hajo take aikowa, kuma kullum na mutum biyu take saya. Kowa ya san tagwaye ba a ba ɗaya a hana ɗaya, ko hula ce ko ƙosai. Da can ba abin mamaki ba ne.

"Amma ɗayan yana ruwa, Baba. Ban taɓa tambayarta ba. Wa zai tambaya?"

A bakin ƙofa wani dogon mutum ya tare shi, idanu jajaye, jamfarsa ruwan toka duk ta yi laka. Abdulwahid ne. Shi ya tuƙa mahaifiyarsa da yaron har bakin titi ya sa su a mota, sannan ya juyo, don ya ce ba zai iya barin Hajo a halin da take ba. Ya ce a ƙyale Binta, a je siton Fannami dillalin banda, akwai wata farar hoda a can.

"Ka tambaye shi sunanta, Baba," ya ce, bai haɗa ido da shi ba. "Ka tabbata ka tambaye shi sunanta."

Bulama ya raɗa wa Shu'ibu cewa mutanen biyu sun yi cacar baki kwanan baya a kan wurin ɗaure jirgi.

* * *

Fannami Babarbare ne, ya yi shekaru yana sayen bandar ƙauyen yana kaiwa kudu. Da ya ga taron ya nufo sitonsa sai ya yi wata busasshiyar dariya.

"Ni ne baƙo. Ko akuya ta yi ɓari ni za a fara tambaya. Shigo, Malam."

Bai ɓoye komai ba. Ya taka buhu ya sauko da wani gwangwani mai murfi da ke rataye a jikin azara, ya buɗe. Hodar tana cikin ledarta ta asali, da rubutunta: borik asid. Ya ce masu walda suna aiki da ita, wasu suna jiƙa katako a ruwanta don kada gara ta ci, shi kuwa na kyankyaso da kiyashi yake yi. A kan kifi dai ko ƙwaya ba ya barin ta sauka, mutane ne za su ci. Da albasa da ɗan gari yake kwaɓawa, ya dura a gwangwanin madara da ya huhhuda, ya kafe da ƙusa a bayan buhuna inda hannun yaro da bakin akuya ba sa kaiwa, sannan ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa goro.

Shu'ibu ya tambaya ko tana kashe mutum.

"Masu talla a kasuwa suna ƙulla ta a leda ba suna, su ce ba ta yi wa ɗan Adam komai. Ni da kai in mun lasa, ƙila cikinmu ya murɗa. Yaro fa, cikinsa nawa yake?"

Ya ƙara da cewa rabin ƙauyen sun tambaye shi yadda aka yi sitonsa ba kyankyaso, alhali ambaliya ta koro su gidan kowa, kuma duk wanda ya tambaya ya faɗa masa. Ba nan take take kashe kyankyasai ba. Sai an kwana biyu ka fara tsintarsu a kwance ƙafafu sama. Daga nan kuma, in ji shi, sai ka ji ɗaki ya yi tsit.

Shu'ibu ya fita ya zagaya siton a hankali, sandarsa a bayan wuya. Lakar wurin irin wadda ke riƙe ko sawun ɗan tsako ce. Ya ga na Fannami, na 'yan dako, na wani kare mai ɗingishi. Babu na yaro ko ɗaya.

* * *

Ɗakin Hajo da duhu ko da rana tsaka, danshi ya hau bango har gwiwa. Tana zaune a kan tabarma ta jingina da gado, ba ta kuka. A tsakar ɗaki an kikkifa faya-fayi a jere, daga gindin randa zuwa bakin tabarma.

Ta roƙe shi kada ya taka. Ta miƙa hannu ta ɗaga ɗaya. A jiƙaƙƙen daɓen ga sawun ƙaramar ƙafa, yatsu biyar ras, ya fito daga lungun bayan randa.

"Na Babban ne," ta ce. Ba ta kama sunan ɗan fari, ko da yana raye ma ba ta kamawa. "Na san ƙafarsa."

Shu'ibu ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo, yana karkata kai don hasken ƙofa ya kwanta a kan daɓen. Sawun da ta rufe na dawowa ne, ƙafar ta jiƙe da ruwan da randa ke tsatsowa. A gefensa akwai na tafiya, wanda bai fito sosai ba, shi ya sa ba ta gani ba. A duka biyun diddigen hagu bai taɓa ƙasa ba. Ya tambaya ko Usaini yana da ciwo a diddige. Ta ce ƙayar kifi ta soke shi satin da ya wuce.

Sai ta shiga magana, idonta a kan randar. Tun da ruwa ya dawo bana take jin motsi a bayan randar in an kashe fitila, sukur-sukur, kamar ƙaramin hannu yana lalube a ƙoƙo. Ta san ko wane ne. Maigidan kawai ta faɗa wa, shi kuma ya ce ta yi addu'a ta kwanta. Ita ba tsoro take ji ba, motsin nan take jira kafin barci ya ɗauke ta.

"Satin nan ya daina zuwa, Baba. Ɗakin ya yi tsit. Na san fushi ya yi."

Shu'ibu ya juya wajen gadon. Ya zura sandarsa a ƙarƙashin gado ya jawo a hankali. Kyankyasai suka biyo ta, busassu, kowanne ƙafafu sama. Ya duba bayan akwati, haka. Ɗaki a tsakiyar ambaliya, ga danshi ga duhu, amma babu mai rai ko ɗaya.

"'Yata, me ke bayan randar nan?"

Ta ce ƙoƙo ne. Duk Alhamis da magariba takan zura hannu ta saka wa Babban rabonsa, ba ta leƙawa, don tana tsoron abin da za ta gani. Ranar Juma'a da hantsi sai ta ce wa Usaini ya je ya ci tare da ɗan'uwansa. Maigidan bai sani ba. Da ya sani zai ce camfi ne, maganar kuma ta kai kunnen liman.

"Jiya da ya fito yana lasar hannu, ya ce, Inna, yau ya rage min da yawa."

Shu'ibu ya leƙa lungun. Ƙoƙon yana nan, an goge shi tas. A kan ɗaya daga cikin sawun yaron akwai shatin gwiwar babban mutum, ta danne shi, ke nan daga baya aka durƙusa. Jerin kiyashi ya biyo gindin bango, yana isowa wurin ya watse, suna ta kai-komo kamar waɗanda suka zo kasuwa suka tarar ta tashi. Ya tambaya wa ya shigo ɗakin. Ta ce ba ta sani ba, da asuba mata suka janye ta maƙwabta don ta sa wani abu a cikinta.

* * *

A kan wani suri bayan masallaci kawai waya ke kamawa. Ya hau ya faɗa wa Aziza abin da yake zato. Ta ce ya riƙe, ya ji takunta a kan siminti, ya ji muryoyi. Da ta dawo ta ce likita ya ce jan tafin hannun da koren aman sun yi daidai da hakan. Amma hodar kasuwa ba a rantse mata, wasu suna cakuɗa ta da maganin ɓera, wannan kuma wata hanya ce daban. Suna buƙatar sanin abin da aka kwaɓa da kuma yawan da ya ci.

"Wanda ya kwaɓa ne kaɗai ya sani, Baffa. Yaron ya daina amsa kira."

Ya sauko ya koma bayan gidan Hajo. Ta wata kafa a danga sawun namiji ya fita, ba takalmi, yatsu a baje irin na duk wanda ya girma a kan jirgi. Ya bi shi ta cikin kachala har inda ruwa ke gudu. A nan mutumin ya daɗe a tsaye, ƙafafunsa sun nutse. Sannan ƙafa ɗaya ta yi gaba ta kafe, ɗayar ta murɗa a kan yatsu. Jifa ya yi.

Lakar ta yi laushi da yawa, ta cinye duk wata alama da za ta raba wannan ƙafa da ta sauran masuntan ƙauyen. Shu'ibu yana da zato, amma zato ba ya buɗe bakin wanda ya kulle. Ya tsaya yana kallon ruwan, jajaye-jajaye, yana wucewa ba sauti. A cikin kachalar wani abu ya motsa, ya yi shiru. Ya juya da sauri fiye da yadda ya so.

* * *

Ya sa Bulama ya tara mutane a gindin babban marken da ƙauyen ya samo sunansa. Da aka kawo benci da tabarmi ya ce a mayar, a ƙasa za a zauna. Shi ya nuna wa kowa wurinsa: Binta a nan, Fannami a can, Abdulwahid a tsakiya kusa da saiwa, Hajo cikin mata daga baya.

Sannan ya shiga ba su labarin wata farar saniya da ya taɓa bi daga Malam Madori har Jahun. Ya faɗi inda ta sha ruwa, inda ɓarawon ya ɗaure mata tsumma a kofato, abin da aka ba shi ya ci a hanya. Mutane suka fara duban juna. Tsohuwar nan ta ce da ma an ce mai bin sawu ya tsufa. Bulama ya yi gyaran murya ya tuna masa cewa akwai yaro a kwance. Shu'ibu ya ce ya sani, ya ci gaba, idonsa a ƙasa kamar kullum.

Yana tsakiyar zance ya tsaya, ya sauke sandar daga wuyansa.

"A gindin bishiyar nan akwai gidan kiyashi," ya ce. "Shi ya sa na zaunar da ku. Su ma masu bin sawu ne, kuma sun fi ni hanci."

Ya nuna Binta. Sun hau zanenta har ƙugu, ya ce wannan ba labari ba ne, ita da sukari suke kwana. Ya nuna Fannami, ko ɗaya bai kula shi ba. Sai ya sa kan sandar a ƙasa ya bi wani siririn jeri a hankali. Jerin ya tsallake saiwa, ya hau ƙafar Abdulwahid, ya bi gefen jamfarsa, ya shige aljihu.

"Ɗana, an ce tun jiya ba ka sa komai a baki ba. Me ke aljihunka mai zaƙi?"

Abdulwahid ya dubi aljihun kamar na wani ne. Ya sa hannu ya zazzago shi. Fararen ɓurɓushi suka zubo a kan cinyarsa, kiyashi manne da su.

Shu'ibu bai ɗaga murya ba. Ya ce wanda ya kwashe abin da ke ƙoƙon da asuba sauri yake yi, aljihu ya fara cusawa kafin ya samo leda. Ya ce kuma tun safe mutum ɗaya ne a ƙauyen nan ya roƙe shi ya nemo sunan hodar, har sau biyu, don yana so sunan ya isa asibiti ba tare da ya fito daga bakinsa ba.

"Sunan ya isa. Bai wadatar ba. Me ka haɗa, nawa ya ci?"

Da Abdulwahid ya buɗe baki, Hajo yake kallo.

Ya ce a kasuwar Haɗejia ya sayi hodar wurin wani mai talla, ƙulli a leda, ya rantse masa ba ta taɓa mutum, ya ce ya sa madara da sukari sun fi jawo ƙwari. Rabi hoda, rabi madara da sukari, ba wani abu kuma. Ya mulmula ƙanana kamar gullisuwa, farkon sati, tana gidan suna. Ya tura wasu ƙarƙashin gado, wasu bayan akwati. A bayan randa, inda motsin ya fi yawa, ya tarar da wani tsohon ƙoƙo, ya ɗauka mantawa aka yi da shi. Bakwai ya zuba a ciki. Da asuba biyu ya tarar. Ragowar hodar tana soke a rufin rumfar jirginsa.

"Ba ta barci, Baba. Tana kwana tana sauraron bango. Na ce in motsin ya daina za ta dawo mana. In na faɗa mata ba za ta yarda ba. Gorar tuƙi tana hannuna ranar da Hassan ya tafi. Da wane baki zan ce wannan ma ni ne?"

Shu'ibu bai jira ƙarshen maganar ba, ya riga ya nufi surin da waya a kunne.

Da ya dawo taron yana nan yadda ya bar shi. Hajo ta taso daga cikin mata, ta zo ta tsaya a kan mijinta. Kowa ya zaci ashar za ta yi.

"To motsin da nake ji fa?"

Abdulwahid ya sunkuyar da kai. Fannami ya kau da fuska. Ta dubi ɓurɓushin, ta dubi kiyashin da ke ɗauke da su suna komawa gindin marke.

"Kyankyasai ne," ta ce a hankali, ba tambaya ba. Ta daɗe a tsaye. "Ni na sa ƙoƙon. Ni na ce ya je ya ci."

* * *

Bulama ya sa matashin nan ya mayar da itacen dangar Binta da hannunsa. Ta ce ya haɗa da ɓangaren da akuya ta karya bara, tunda yana da ƙarfi. Ba wanda ya yi dariya sosai.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara a kan surin. Aziza ta ce tunda an san abin, likita ya daina lalube, ana ta ƙara wa yaron ruwa don a wanke hodar daga jininsa, an kuma tanadi mota zuwa Kano in ƙodar ta ƙi. Amma yanzun nan ya ɗan jiƙa zanen gado. Ya buɗe ido, Innarsa yake kira. Ta ce a taho da ragowar hodar.

Shu'ibu ya kai saƙon bakin ruwa, inda Abdulwahid ke kwance jirginsa. Hajo tana tsaye nesa da gaɓa, daidai inda ta faɗi jiya. Ta ji kowace kalma. Ta dubi jirgin, ta dubi kachalar, laɓɓanta suna motsi. Sannan ta tattare zanenta ta shiga lakar. Ta ɗora ƙafa a kan katakon, mijin ya miƙo hannu, ta kama. Ta zauna a tsakiya ta runtse ido.

"Tura," ta ce.

Kafin ya kafa gora Shu'ibu ya riƙe bakin jirgin ya tambaye shi ledar da ya jefa. Abdulwahid ya ce ruwan ɗorawa ce, duk abin da ya kwaso daga ɗakin yana ciki, sun kai cikin tafi biyu. Shu'ibu ya tambaya ko ya sa dutse. Ya ce a'a, ƙulle bakin kawai ya yi.

Shu'ibu ya saki jirgin. Ya juya ya ce wa Bulama a samo matasa da jirage su bi gaɓa kafin rana ta faɗi, ledar da aka ƙulle da iska a ciki ba ta nutsewa.

Bai rufe baki ba wani ɗan ƙaramin kwale-kwale ya ɓullo daga kachala ta gangaren ruwa. Wani dattijon Bafillace ne a tsaye a ciki, da malafa, ba wanda ya san shi a ƙauyen. Bai jira jirgin ya tsaya ba ya diro cikin ruwa har gwiwa. Ya yi sallama a gajarce, yana haki, ya ce daga rugar da ke tudun can ƙasa yake, an ce masa akwai mai yin gullisuwa a nan. Jikokinsa sun tsinci wata a bakin ruwa da hantsi, sun raba, yanzu uku suna kwance.

Ya ɗaga hannu. Leda ce ruwan ɗorawa, an yage ta daga gefe, ƙullin bakinta yana nan. Babu komai a ciki.